Guzuri da Kayan Dare: Yadda Turawan Ingila Suka Koyi Hutu a Bakin Bahar Rum

A ƙarshen ƙarni na 19, idan magariba ta kawo jiki a manyan otal-otal na Nice da Cannes da Menton, inda Turawan Ingila suka saba sauka, akan buga kuge don baƙi su hau sama su sauya tufafi kafin abincin dare. Maza su zura farar taguwa da ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta, su ɗora baƙar kwat. Mata su sa doguwar rigar siliki da safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu. Bayan ɗan lokaci sai kowa ya sauko ya zauna a dogon teburi guda, ana kawo abinci kala bayan kala, ana kuma ƙare wa juna kallo.

A cikin masu saukowar nan akwai wani sabon irin baƙo. Ba shi da gona a Ingila, ba shi da bara mai goge masa takalmi. Malamin makaranta ne, ko akawu, ko mai kanti, ko wata gwauruwa da ta yi shekaru tana adashi da kanta. Tun a Landan ya biya kamfani kuɗin jirgi da ɗaki da abinci da na jagoran da zai raka ayarinsu. Abu biyu kaɗai kamfanin ya bar masa a wuyansa: abin da zai kashe daga aljihunsa, da abin da zai sa a jikinsa idan rana ta faɗi. A kan waɗannan biyun kuwa ake gane ko shi ɗan wane ne, shi ya sa suka fi komai hana shi barci.

Gabar tekun da ke kudancin Faransa ta fara karɓar Turawan Ingila ne a matsayin wurin jinya. Marubuci Tobias Smollett, wanda likita ne kuma mai fama da ciwon ƙirji, ya zauna a Nice daga 1763 zuwa 1765, littafin tafiyarsa da ya fito a 1766 ya sa 'yan ƙasarsa suka san akwai inda hunturu ke zuwa da rana. Masu tarin fuka suka riƙa gudowa daga hayaƙin gawayi da hazon Landan. A 1822 wani limamin coci mai suna Lewis Way ya tara kuɗi a wajen 'yan uwansa baƙi, aka ɗauki talakawan garin da ba su da aikin yi suka share hanya a bakin teku. Hanyar ita ce har yau ake kira Promenade des Anglais, wato wurin shan iskar Ingilishi.

Cannes kuma tsautsayi ne ya ɗaga ta. A 1834 Lord Brougham, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar shugaban alƙalan Ingila ba, ya nufi Italiya, sai aka tare shi a kogin Var saboda annobar kwalara, domin a lokacin Nice tana ƙarƙashin sarkin Sardiniya ne. Ya juya ya kwana a wani ƙauyen masunta, wurin ya kwanta masa a rai, ya sayi fili ya gina gida, abokansa suka bi sahu. Nice ta koma hannun Faransa a 1860, jirgin ƙasa ya iso ta a 1864. Sarauniya Victoria ta sauka a Menton a 1882, daga 1895 zuwa 1899 kuma kowace shekara tana zuwa unguwar Cimiez da ke saman Nice, da tawagarta da kayan ɗakinta. Inda sarauniya ta sa ƙafa kuwa, ba a rasa masu bi.

Attajiran farko ba su da damuwar guzuri irin ta talaka, amma suna da tasu wahalar. Mai tafiya yakan ɗaura ɗamarar fata a ƙugu cike da tsabar zinariya, ya kuma riƙe takardar shaida daga bankinsa na Landan zuwa ga wani banki a Paris ko Genoa, wadda ke cewa a ba wane kuɗi har zuwa kaza. Takardar ba ta aiki sai a garin da aka rubuta sunansa, sai kuma a wajen bankin da ya san wanda ya rubuto ta. Tun a shekarun 1770 wani ma'aikacin banki ɗan Sikotlan, Robert Herries, ya fito da takardar da ake iya canzawa a garuruwa da dama, amma ta masu ajiya mai nauyi ce. Wanda ba shi da banki, sai dai ya ɗinke zinariyarsa a cikin tufafi ya yi ta addu'a.

Wanda ya buɗe wa talaka wannan ƙofa kafinta ne mai wa'azi. An haifi Thomas Cook a 1808, ya taso yana yaƙi da shan giya da dukkan ƙarfinsa. Ranar 5 ga Yuli, 1841, ya yi hayar jirgin ƙasa ya kwashi mutum wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough, tafiyar mil 11, don halartar taron masu ƙin barasa. Kowa sule ɗaya ya biya, zuwa da dawowa. Daga nan sana'a ta samu. A 1851 ya kai mutum wajen 150,000 babban baje kolin Landan. A 1855 ya tsallaka da ayari zuwa Beljiyam da Jamus da Paris, a 1863 ya kai su Suwizalan, a 1864 Italiya, a 1869 kuma Masar da Falasɗinu.

Duk wanda ya san tarihin fatake zai gane aikin Cook nan take, domin aikin madugu ne. Shi ya san hanya, shi ya san zango, shi ke magana da masu gari da masu karɓar fito, shi ke raba faɗa idan 'yan ayari sun saɓa. Madugun da ke kai mutane Gwanja neman goro yana tafiya ne da masu neman riba, shi kuwa Cook masu neman kallo yake ja. Amma amanar iri ɗaya ce: mutum ya miƙa kansa da dukiyarsa ga wanda ya riga shi sanin dawa. Wannan amana ce ta sa mata da yawa, waɗanda al'adar zamanin ba ta yarda su fita ƙasar waje su kaɗai ba, suka cika ayarinsa.

Babbar hikimar gidan Cook, wanda ɗansa John Mason Cook ya zo ya faɗaɗa, ita ce mayar da kuɗi takarda. A 1868 suka fito da tikitin otal. Mai tafiya ya saya a Landan a ɗan ƙaramin littafi, idan ya isa otal ɗin da ke cikin yarjejeniya sai ya yage shafi ya miƙa, a ba shi ɗaki da karin kumallo da abincin dare. Babu ciniki da harshen da bai iya ba, babu tsoron a ninka masa farashi don an ga baƙo ne. A 1874 suka ƙara da takardar canji, wadda mutum zai kai otal ko banki ko ofishin kamfanin a ba shi kuɗin ƙasar. A 1891 kamfanin American Express ya fito da nasa cakin matafiya, bayan shugabansa J. C. Fargo ya dawo daga Turai yana kukan wahalar da ya sha wajen karɓar kuɗi da takardar banki. Wani ma'aikacinsa, Marcellus Berry, shi ya tsara dabarar sa hannu sau biyu: ɗaya ranar saye, ɗaya ranar canji a gaban mai biya. Idan ɓarawo ya sace, takarda kawai ya sata. Wannan dabara ta yi shekara ɗari tana aiki a duniya.

Sunan Cook ya kai har cikin tarihin aikin Hajji. A 1886 gwamnatin Ingila a Indiya ta ba kamfanin aikin jigilar maniyyata zuwa Jidda, don rage cutar da dillalai da masu jiragen ruwa ke yi musu. Aikin bai ɗore ba, an daina shi a 1893.

To, me ya rage wa aljihu bayan duk an biya? Abu da yawa. Tikitin otal bai haɗa da abin sha ba, bai haɗa da wanki da guga ba, waɗanda mai sa farar taguwa kowane dare ba shi da makawa daga gare su. Akwai kuɗin keken doki zuwa kallon tsauni, akwai katin gaisuwa da kan sarki, akwai tsarabar turaren Grasse da akwatunan itacen zaitun. Sai kuma tukwici, wanda ya fi komai ɗaure wa sabon matafiyi kai: nawa za a ba ɗan dako, nawa za a ba mai gyaran ɗaki, nawa za a ba shugaban masu kawo abinci ranar tashi, lokacin da ma'aikata kan jeru a bakin ƙofa suna sallama. Wanda ya ba da kaɗan ya ji kunya, wanda ya ba da da yawa ya karya guzurinsa. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa lissafi a wancan zamani shi ne kuɗi ba ya rawa. Fam ɗaya na zinariya yana daidai da faran 25 da 'yan kai, shekara da shekaru, kuma tun 1865 Faransa da Italiya da Beljiyam da Suwizalan suka daidaita nauyin tsabar kuɗinsu.

Ramin da ya fi cinye guzuri yana 'yan mil kaɗan gabas da Nice. A 1863 François Blanc ya karɓi ragamar gidan cacar Monaco, a 1866 aka raɗa wa unguwar suna Monte Carlo, jirgin ƙasa ya iso a 1868. Ribar ta yi yawan da a 1869 sarkin ƙasar ya yafe wa talakawansa haraji. Su 'yan ƙasar kuwa doka ta hana su shiga su yi caca, kuma har yau haka abin yake, wanda ya isa ya nuna cewa masu gidan sun san abin da suke sayarwa. Akwai wata al'ada da gidan ya daɗe yana yi: wanda aka cinye tas akan ba shi kuɗin jirgin komawa gida, kuma ba zai sake shiga ba sai ya biya. Sunan da Faransawa suka ba wannan kuɗi, idan aka fassara shi, guzuri yake nufi. Masu wa'azi a Ingila sun yi ta kiran a rufe wurin, kuma duk wanda ya karanta labarin iyalan da suka tsiyace a can zai ga suna da hujja.

Maganar tufafi ta fi ta kuɗi zafi, domin babu takardar da kamfani zai buga ta warware ta. Masu hali ba su yi murna da ganin ayarin Cook ba. A 1865 marubuci Charles Lever, wanda ke riƙe da ƙaramin muƙamin jakadanci a La Spezia da ke gabar Italiya, ya yi musu ba'a mai zafi a mujallar Blackwood's, yana kwatanta su da garken da makiyayi ke kaɗawa. Cook ya mayar da martani a rubuce, yana kare haƙƙin mai ƙaramin ƙarfi na ganin duniya. A wannan gardama gaskiya tana wajen Cook. Laifin mutanen nan guda ɗaya ne: sun zo inda a da sai mai gādon dukiya ke zuwa.

Tun da ba a iya hana su sayen tikiti ba, sai tufafi ya zama shingen. Cikakken kayan dare na namiji a lokacin shi ne baƙar kwat mai jela biyu a baya, da 'yar ciki, da farin maɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. A 1865 telan nan na Savile Row, Henry Poole, ya ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, gajeruwar kwat marar jela don cin abinci a gidansa na Sandringham. A hankali ta bazu. A 1886 ta bayyana a wata unguwar attajirai kusa da New York mai suna Tuxedo Park, daga nan Amurkawa suka samo sunan da suke kiranta. Yariman kansa ɗan gida ne a Cannes, kusan kowace shekara yana can, don haka abin da ya sa shi ne abin da otal-otal suka ɗauka a matsayin daidai.

Na mata ya fi tsada nesa ba kusa ba. Matar mai hali takan sauya kaya sau uku ko huɗu a yini: na safe, na shan iska, na shan shayi, na dare. Ba a son a ga riga ɗaya a jikinta dare biyu a jere. Saboda haka sai adaka bisa adaka, da akwatunan huluna, da hadima mai kula da su. Louis Vuitton ya yi suna ne tun 1858 da akwati mai shimfiɗaɗɗen murfi, wanda ake iya jerawa a taragon jirgi. Ita kuwa matar da ke cikin ayari, wadda za ta kwana yau a nan gobe a can, akwati ɗaya take da shi. Dabararta ita ce riga ɗaya mai duhun launi da ba ta nuna datti, sai ta riƙa sauya mata abin wuya da leshi da mayafi, ta fito kamar sabuwa. Duk macen da ta taɓa halartar bikin kwana uku da atamfa biyu ta san wannan ilimi, kuma ilimi ne na gaske.

A jiragen ruwa an samu ɗan sassauci da ya zama al'ada: ba a sa kayan dare a daren farko, domin ba a gama kwance akwatuna ba, haka ma daren ƙarshe, domin an riga an ɗaure su.

Har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, hunturu ne lokacin gabar. Da zafi ya shigo sai manyan otal-otal su rufe, domin farar fata ita ce alamar wanda ba ya aiki a rana. A shekarun 1920 abin ya juye. Wasu ma'aurata Amurkawa, Gerald da Sara Murphy, suka shawo kan mai Hôtel du Cap da ke Antibes ya bar wani sashe a buɗe a bazarar 1923, abokansu irin su Picasso da Scott Fitzgerald suka riƙa zuwa. Kwanciya a rana har fata ta yi duhu ya zama ado, kuma sunan Coco Chanel na cikin waɗanda ake danganta yayin da su. Mata suka fara yawo da faffaɗan wando mai taushi a Juan-les-Pins, daga bakin ruwa har wurin cin abinci. Duk da haka masu hawa jirgin nan mai shuɗin tarago, Train Bleu, wanda ya fara aiki da sababbin taragunsa a 1922 daga Calais, ba su daina sa kayan dare ba. Da rana aka sassauta, dare ya riƙe dokarsa.

A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi, tare da rangwamen tikitin jirgin ƙasa. Leburori da yawa a shekarar suka fara ganin teku da idonsu. Ingila ta yi tata dokar a 1938. Kafin a ci moriyarta sosai yaƙi ya sake ɓarkewa.

Bayan yaƙin, tambayar nawa zan tafi da shi ta fita daga hannun matafiyi ta koma hannun gwamnati. Ingila ta fito da bashi har wuya, ba ta da dalar da za ta sayi abinci, balle ta ba masu yawon buɗe ido. Dokar hana fitar da kuɗi ta 1947 ta sa wa kowa iyaka. A ƙarshen wannan shekara ma an dakatar da guzurin yawon shaƙatawa gaba ɗaya na wasu watanni. A 1952 iyakar ta sauko har fam 25 a shekara. Banki ne ke sayar da kuɗin waje, ya kuma rubuta abin da ya ba mutum a shafukan bayan fasfo ɗinsa, don kada ya zaga wani banki ya ƙara.

Wannan ƙunci shi ya haifi tafiyar dunƙule ta jirgin sama. A 1949 wani matashi ɗan asalin Rasha da ya yi aiki da Reuters, Vladimir Raitz, ya kafa kamfanin Horizon, a 1950 kuma ya yi hayar jirgi daga Gatwick zuwa Calvi da ke tsibirin Corsica. Kuɗin fam 32 ne da sule 10, har da jirgi da kwana da abinci. Hukuma ta yarje masa ne da sharaɗin malamai da ɗalibai kaɗai zai ɗauka, kuma masu biya a tashin farko mutum 11 ne. A tantunan da sojojin Amurka suka bari aka sauke su. Abin da ya fi jan hankali shi ne nama sau biyu a rana, a lokacin da a Ingila sai da katin rabo ake sayen nama, tsarin da bai ƙare ba sai 1954. A cikin tanti a bakin yashi babu wanda ya tambayi kowa baƙar kwat.

A 1950 ɗin dai, Gérard Blitz ɗan Beljiyam ya kafa Club Méditerranée a Alcúdia da ke tsibirin Majorca, shi ma da tantuna. Wannan kamfani ne ya yi ƙoƙarin kashe tambayoyin biyu a lokaci guda. Tufafi dai, kowa ya ɗaura zane irin na mutanen Tahiti, ba a gane likita daga makaniki. Kuɗi kuma, daga baya aka fito da sarƙar duwatsun roba da ake ratayawa a wuya, mai son abin sha ya ɓalle 'yan ƙwayoyi ya biya, kamar zamanin wuri. Da kuɗin gaske ake sayen sarƙar, ba shakka, amma tunanin da ke bayan abin mai kyau ne: mutanen da suka sha wuyar yaƙi su yi mako biyu ba wanda ke auna su da aljihu ko da riga.

Shekarun da tsofaffin Ingila suka fi tunawa su ne 1966 zuwa 1970. A Yulin 1966, don kare darajar fam, gwamnatin Harold Wilson ta yanke guzurin shekara zuwa fam 50, da ƙarin fam 15 na tsabar kuɗin Ingila. Inda gizo ke saƙar shi ne, kuɗin otal da abinci da kamfani zai biya a waje daga cikin hamsin ɗin nan ake cire shi, ta hanyar wani fom da ake cikewa. Abin da ya saura shi ne na kashewa. Saboda haka kamfanoni suka shiga gasar matse kuɗin otal, suna tallata yawan abin da zai rage a hannun mai tafiya. Dokar ba ta shafi ƙasashen da ke cikin rukunin fam ba, shi ya sa Malta da Gibraltar da Cyprus suka ga cikar baƙi. Mutane da yawa sun cusa takardun fam a safa ko a ƙasan akwati, suna wuce kwastan gabansu na faɗuwa. Sai a Oktoban 1979 ministan kuɗi Geoffrey Howe ya soke dokar baki ɗaya. Alhazan Najeriya da suka yi layin karɓar guzurin BTA, suka kuma yi lissafin yadda zai kai su har ranar dawowa da tsaraba, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan hali.

A tsakanin nan gabar Sifaniya ta karɓe kasuwa. Benidorm ƙauyen masunta ne lokacin da Pedro Zaragoza ya zama magajin garinsa a 1950. Shi ya tsara faffaɗan tituna, ya kuma yarje wa baƙi mata su sa kayan wanka masu ɓalli biyu a bakin ruwa, abin da ya haɗa shi rigima da malaman coci. Waɗanda ba sa son jirgin sama, musamman dattawa, suka riƙe tafiyar safa mai jagora, irin ta kamfanonin Wallace Arnold da Cosmos, inda ake tsallaka ruwa a Dover a gangara har Italiya. A irin wannan ayari ne tsohuwar al'ada ta fi daɗewa: a dawo daga yawo, a yi wanka, a sa tsaftataccen kaya kafin a zauna cin abinci. Kwat mai jela ta tafi, gajeruwar ma ta bi ta, amma har yau otal-otal da yawa a Sifaniya da tsibiranta suna rubuta cewa namiji ya sa dogon wando idan zai shiga ɗakin abincin dare.

Kuɗin ma ya sake kama. Katin Barclaycard ya fito a 1966, na'urar cirar kuɗi ta farko ta fara aiki a Enfield da ke arewacin Landan ranar 27 ga Yuni, 1967. Ranar 1 ga Janairu, 2002, takardun yuro suka maye gurbin faran da lira da feseta, mai bin gabar daga Sifaniya zuwa Italiya ya huta da 'yan canji a kowace iyaka. Cakin matafiya ya ja baya har ya zama da wuya a sami mai karɓarsa. Duk da haka aljihu bai huta ba. Takardar tallar tafiya mai jagora takan ce an biya karin kumallo da wasu daga cikin abincin dare, sai a bar abincin rana da abin sha da ziyarce-ziyarcen ganin dama, da ambulan ɗin da ake zagayawa da shi ranar ƙarshe don direba da jagora. Jerin bai bambanta sosai da na zamanin tikitin otal ba.

Dokar tufafi kuma yanzu daga ɓangare biyu take zuwa. A sama, jiragen ruwan Cunard suna da darare na musamman da ake sa kayan ƙawa, bikin fina-finai na Cannes, wanda aka fara a 1946, yana neman baƙar kwat a jan kafet ɗinsa na dare. A irin waɗannan wurare, kamar yadda yake a katunan gayyata na hukuma, kayan gargajiyar ƙasar mutum sukan samu karɓuwa, don haka mai babbar riga da hula ba shi da abin jin kunya. A ƙasa kuma, garuruwan da baƙi suka cika sun fara kare mutuncin titunansu: a 2022 Sorrento da ke gabar Italiya ta sa tarar da ta kai yuro 500 ga mai yawo cikin gari ba riga ko da kayan wanka. Mutanen garin suna da gaskiya, domin gidansu ne kafin ya zama wurin hutun wani.

Shi kuwa gidan da ya fara wannan sana'a ya sha sauya hannu. Kamfanin Wagons-Lits ya saye shi a 1928, gwamnatin Ingila ta mallake shi a 1948, aka sake sayar da shi a 1972. Bashi da gasar intanet suka ci ƙarfinsa a hankali. Ana saura kwana biyu ya faɗi, wani otal a gabar Tunisiya ya rufe ƙofa ya hana baƙinsa fita, yana neman su sake biyan kuɗin ɗakunan da suka riga suka biya tun a gida, saboda tsoron kamfanin ba zai biya shi ba. Da asubahin 23 ga Satumba, 2019, Thomas Cook ya durƙushe yana da shekara 178. Hukumar sufurin jiragen sama ta Ingila ta yi hayar jirage, ta yi mako biyu tana kwaso mutum wajen 140,000 da suka maƙale a ƙasashen waje.